Kafin mu ce dam ne ya kawo tsargiya

Mu 'ya'yan yankin Tiga, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da ruwan dam muka tashi. Tun da aka kammala shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, yake ba masunta kifi, yake shayar da gonakin Kadawa da Kura. Mun kuma san tsargiya, fitsarin jinin da yaro ke kwasowa a ruwan da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar suke zaune.

Shi ya sa idan aka zo zaɓen batun furojet, zuciyarmu nan take tafiya. Sai dai ɗalibi kan tsinci takardu biyar da suka yarda da ra'ayinsa, ya ce ya gama bita. Tsararren bitar bincike ba haka yake ba.

Da tambaya ɗaya tak muke farawa: yaran firamare da ke kusa da magudanan noman rani sun fi na nesa kamuwa? Kafin mu buɗe ko takarda ɗaya, sai mu rubuta ƙa'idar wadda za mu karɓa: shekarun da aka yi binciken, wurin, da ko an gwada fitsari a ɗakin gwaji. Daga nan mu shiga PubMed da Google Scholar da African Journals Online, muna rubuta kalmomin da muka nema da ranar. Kundayen digiri da ke laburaren Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ma suna ciki, don wasunsu ba su hau intanet ba.

Mutum biyu ke tacewa, kowa shi kaɗai, sannan a gwama. Duk takardar da aka ajiye, a faɗi dalili. Jagorar PRISMA, mai sharuɗɗa 27, kyauta take a intanet.

An taɓa yin irin wannan aiki. A 2006 Peter Steinmann da abokan aikinsa sun kiyasta cewa mutum miliyan 779 na cikin haɗarin tsargiya a duniya, miliyan 106 daga cikinsu kusa da manyan madatsun ruwa da gonakin rani. Wannan lissafin duniya ne. Na ƙauyukanmu, mu ya kamata mu tattara, ko da sakamakon ya saɓa wa zatonmu, domin ƙannenmu ne ke wanka a magudanan.