Gwandu da Kalgo: Tarihin da ke Kwance a Ƙarƙashin Tuddai

Duk wanda ya taɓa karatun tarihi a Arewa, da zarar an ambaci Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne zai faɗo masa a rai. Nan ne cibiyar yammacin Daular Usmaniyya, nan hubbarensa yake, nan kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya samu kwafin littafin Tarihin Sudan a shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Sai dai akwai wasu mutane a jami'o'in duniya da suka san sunan Gwandu ta wata ƙofa daban. Su ne masana duwatsu da cikin ƙasa. A wurinsu Gwandu suna ne na wani makeken shimfiɗin yashi da yumɓu wanda ya mamaye sama da murabba'in kilomita dubu 20 a Kebbi da Sakkwato. Wannan Gwandun ta biyu na je dubawa a cikin hunturun da ya wuce, na kuma biyo ta Kalgo.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo a wannan yanki shi ne tuddai masu shafaffen kai, kamar an sa wuƙa an yanke samansu. Jar marmara mai tauri ce ta rufe kansu, ita ta hana ruwa da iska cinye su kamar yadda suka cinye ƙasar da ke kewaye. A inda ruwa ya zaftare gefen tudu, mutum zai ga ƙasa ta jeru hawa-hawa: jan yashi, sai farin yumɓu, sai wani yashin kuma. Kowane hawa zamani ne. Koguna da tafkuna ne suka zube su sannu a hankali, bayan da tekun da ya taɓa ratsa Sahara ya janye.

Zancen teku a ƙasar Sakkwato ba tatsuniya ba ce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a gindin ruwan gishiri ta taru, shi ya sa ake samun bawon halittun ruwa a cikinta. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da guza, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Shimfiɗin Gwandu a kan waɗannan yake kwance, wato shi ne ƙaramin cikinsu.

A wani ƙauye kusa da Gwandu na zauna da wani dattijo da ya tsufa a sana'ar ginar rijiya. Na ce, "Baba, me kukan tarar idan kun yi nisa a ƙasa?" Ya ce, "Ɗana, ƙasa iri-iri ce. Wani wurin ka wuce ja ka shiga fara. Wani wurin kuma ka ci karo da baƙa mai laushi, kamar ruɓaɓɓen itace." Bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da masana suka rubuta: a cikin shimfiɗin Gwandu akwai siraran jijiyoyi na ruɓaɓɓun tsirrai da suka kama hanyar zama kwal. Irin wannan ba ya samuwa sai inda ganye da itace suka yi ta taruwa a cikin dausayi mai ruwa kwance, inda iska ba ta kai gare su balle su ruɓe su ƙare.

A 1975 masana biyu 'yan Najeriya, Cornelius Kogbe da Adebisi Sowunmi, suka binciki ƙwayoyin ƙurar fure da suka maƙale a cikin wannan ƙasa. Ƙurar fure tana da ɓawo mai tsananin juriya, kuma kowane dangin tsiro da siffar tasa, don haka idan aka sa ta a madubin ƙara girma ana iya gane shukar da ta fito daga gare ta. Da ita suka ƙiyasta cewa shimfiɗin ya taru ne a tsakanin zamunnan da suka faro kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, suka ƙare kimanin miliyan 5. Can kudu kuma, wajen Illo, da can gabas wajen Gundumi, akwai shimfiɗun da suka girme shi nesa ba kusa ba, inda ake tsintar gumagumen itace da suka rikiɗe suka zama dutse.

A nan ne labarin ƙasarmu ya haɗu da na wuri mafi nisa da sanyi a duniya. A farkon 1912 Baturen Ingila Robert Scott da abokan tafiyarsa suna dawowa daga ƙuryar kudu ta duniya, yunwa da sanyi sun galabaita su, amma suka ci gaba da jan duwatsu masu nauyin kilo 16 da suka tsinta a hanya. Babu wanda ya tsira a cikinsu. Da aka gano tantinsu, sai aka tarar da duwatsun na ɗauke da hoton ganyen wata bishiya mai suna Glossopteris, mai ganye kamar harshe. Irin ganyen nan an riga an san shi a Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kudancin Amurka. Bishiya ba ta ƙetare teku da ƙafa. Wannan ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin cewa nahiyoyin nan a haɗe suke a da, ƙasa guda da ake kira Gondwana, kuma Afirka ce a tsakiyarta.

Bincike bai tsaya nan ba. A 2017 jirgin ruwan Jamus mai suna Polarstern ya haƙo laka daga ƙarƙashin teku a gaɓar yammacin Antatika. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna saiwoyi da ƙurar fure na tsirrai sama da iri 60, daga wani kurmi mai dausayi da ya rayu shekara miliyan 90 da suka wuce, kimanin kilomita 900 kacal daga ƙuryar kudu. Wurin na yin sama da wata huɗu ba a ga rana ba a kowace shekara, amma duk da haka itatuwa suka rayu, matsakaicin zafinsa kuma ya kai kusan digiri 12. Daga cikin itatuwan akwai dangin Podocarpus, dangin da aka danganta wasu itatuwan dutse na Illo da Gundumi da shi, wanda har yau ake samun jikokinsa a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru. A ƙuryar arewa ma haka abin yake. A tsibirin Axel Heiberg na Kanada an gano kututturan wani daji mai shekara miliyan 45, suna tsaye a inda suka tsiro, itacensu bai ko zama dutse ba, ana iya yanka shi da zarto.

Me ya ɗumama waɗannan wurare? Babban dalili shi ne yawan iskar kabon a sararin sama, wadda ke riƙe zafin rana kamar bargo. A zamanin wancan kurmi na Antatika ta ninka ta yau kusan sau uku ko huɗu. Abin ya taɓa juyawa kuma ta ɗaya gefen: kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, yankin da yake Sahara a yau shi ne a ƙuryar kudu, kuma har yanzu ana ganin kartar da ƙanƙara ta yi wa duwatsu a Aljeriya da yankin Djado na Jamhuriyar Nijar. Ashe mu ma mun taɓa zama maƙwabtan ƙanƙara.

Da wannan tunani na isa Kalgo, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Sunan garin ya yi daidai da na itacen nan mai ganye kamar kofaton raƙumi, wanda ake tufka igiya da ɓawonsa. A bakin hanya na ga tulin itacen girki da buhunan gawayi suna jiran mota. Na ga manyan motoci suna kwasar marmara daga gefen tudu. Ba na zargin mai sarar itace, domin gas ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma tuwo ba ya dahuwa da wa'azi. Ba na kuma cewa a daina gina hanya. Amma abu biyu sun dame ni.

Na farko, akwai masu cewa tunda yanayin duniya ya saba sauyawa tun fil azal, babu abin damuwa a ɗumamar yau. Duwatsun nan akasin haka suke faɗa. Sun nuna cewa iskar kabon tana da ƙarfin da za ta mai da ƙanƙara kurmi. Waɗancan sauye-sauye sun ɗauki dubbai da miliyoyin shekaru, kuma babu manomin shinkafa a fadamar Kebbi a lokacin. Namu kuwa cikin shekara 200 yake gudana. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan ya san cewa shekara ɗaya ta ruwa marar kan gado ta isa ta karya gida. Haka nan yashin Gwandu shi ne babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin, daga gare shi rijiyoyin burtsatse masu yawa ke sha. Ruwan sama ne ke ciyar da shi, kuma ƙasar da aka yi wa ƙwalƙwal ba ta tsotse ruwa, sai dai ya gudu da ita.

Na biyu, jahilcinmu game da abin da muke takawa. Ɗalibinmu zai iya kawo sunan dabbobin da aka tono a Amurka, amma bai taɓa jin Goronyosaurus ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza yake. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ɗaki guda ya isa a fara: a jera itacen dutse na Illo, farar ƙasar Kalambaina, yumɓu da baƙar ƙasar Gwandu, a rubuta bayaninsu da Hausa, a riƙa kawo 'yan sakandare suna gani suna taɓawa. A keɓe tudu ɗaya ko biyu da hawan ƙasarsu ya fito sarai, a hana kwasarsu, da sanin masarauta da ƙaramar hukuma. A kuma zauna da maginan rijiya da masu haƙar burtsatse a rubuta abin da suka sani, domin su ne suka fi kowa leƙa cikin wannan ƙasa, kuma tsofaffinsu tafiya suke yi.

Malam Abdullahi ya bar wa Gwandu littattafai masu yawa, kuma an yi ƙoƙari wajen adana su da karantar da su. Shi ma wannan littafin da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin garin yana buƙatar masu karatu daga cikin 'ya'yan ƙasar. Motar marmara guda tana iya kwashe abin da ya ɗauki shekara dubbai yana taruwa, kuma abin da aka zuba a ƙarƙashin kwalta ya tafi ke nan. Ya kamata jami'o'in nan uku su soma aikin tun tuddan suna tsaye.