Ɗan ga-ruwa ba ya cikin lissafi

A wata unguwa ta birnin Yamai, ba nisa da kasuwar Katako, akwai wani malamin lissafi da ya yi shekaru da dama yana koyarwa, har mai makarantar da yake wa aiki ya ɗora masa kula da tsarin karatu. Mutum ne mai tsantseni, wanda ba a san shi da wasa ba. Abokansa na fada sun sha mamaki a damanar 2024, sa'ad da suka gan shi ya duƙufa a kan wayar hannu yana sayen mahaya keke yana sayarwa, mahayan da bai taɓa gani ba sai a allon talabijin.

Babban ɗansa, ɗalibin lise, shi ne ya jawo shi. Wasa ne na intanet, kuma irinsa suna da yawa. Akwai Pro Cycling Manager, wanda kamfanin Cyanide na Faransa ya fara fitar da kakansa a 2001, inda mutum yake riƙe ƙungiya shekara da shekaru, yana neman mai ɗaukar nauyi, yana ƙulla kwantaragi. Akwai Velogames, wanda yake ba kowa maki 100 ya zaɓi mahaya 9, kuma da zarar tsere ya fara an rufe ƙofa. Akwai kuma masu barin mutum ya sauya mahaya tsakanin zango da zango, amma sauyin ƙidayayye ne. Irin wannan na ƙarshe malaman fadar suka shiga, su da ƴaƴansu. Ba su sa ko dala ba, domin kada abin ya zama caca. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya zo na ƙarshe zai sayi sukari da ganyen shayi na wata guda.

Dokar wasan ba ta da wuya. Mahayan na gaskiya ne, tseren ma na gaskiya ne, watau Tour de France, wanda ake yi tun 1903, zango 21 cikin mako uku, kowace ƙungiya da mutum 8. Dukiyar da ake ba mai wasa ce kaɗai ta ƙarya. Kowane mahayi da farashinsa gwargwadon sunansa, kuma abin da ya samu a kan hanya shi yake zame wa mai shi maki. Gwani irin Tadej Pogačar na Sulobeniya shi kaɗai yakan lashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar. Wanda ya kwaɗaitu da manyan sunaye biyu ko uku sai ya cike sauran gurabu da waɗanda ba su kawo komai. Wanda kuma ya ji tsoron tsada ya tara matsakaita, sai ya wayi gari yana kallon maki suna wuce shi.

A nan malamin ya ga abin da ya sani. Ma'aikacin da ya saba raba albashi tsakanin haya, buhun shinkafa, kuɗin wuta da ruwa, da abin da ake aika wa tsofaffi a ƙauye, ba sai an koya masa cewa kowane zaɓi yana da abin da ya hana ba. Ya ɗauki littafin rubutu irin na ɗalibai, ya ja layuka, ya raba makin da kowane mahayi ya samu a bara da farashinsa na bana. Ya nazarci taswirar zanguna: ina ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda masu gudun ƙarshe suke cin kasuwarsu, ina ne duwatsu, inda sai marasa nauyi masu dogon numfashi. Ya gane cewa sauyi shi ne dukiya ta biyu, wadda ta fi ta farko saurin ƙarewa. Wani abokinsa mai koyar da tarihi ya ƙarar da nasa tun makon farko, yana korar duk wanda ya ba shi kunya jiya ya ɗauko wanda ya yi fice jiya, har aka riƙa yi masa ba'a da cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mutum ɗaya ne uban da ɗan suka haɗu a kansa: Biniam Girmay na Eritiriya. Yaron ya ɗauke shi don ƙauna, uban kuwa don araha. Tarihin wannan mahayi kansa darasin kasafi ne. Ƙungiyoyin keke ba su da filin da za su sayar da tikiti, tunda a bakin hanya ake kallo kyauta. Kusan duk abin da suke ci daga kamfanonin da suka sa wa sunansu yake fitowa, in kamfani ya janye sai ƙungiya ta mutu. Haka ta faru da Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda ta kai Daniel Teklehaimanot ga sa rigar gwanin duwatsu na ƴan kwanaki a 2015, ta kuma rushe a ƙarshen 2021 don rashin mai ɗaukar nauyi. Haka ta faru da Delko ta birnin Marsai, inda Girmay ya fara aikin ƙwararru: kuɗi suka yanke mata a 2021, ya koma Intermarché ta Beljiyam a tsakiyar shekara. A 2022 ya ci tseren Gent-Wevelgem, ya kuma ci zango ɗaya a tseren Italiya.

Ranar 1 ga Yuli 2024, a birnin Turin, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a Tour de France. A gidan malamin an yi ihun da ya fito da maƙwabta. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, ya sa riga tsanwa, wadda ake ba wanda ya fi tara makin gudu. Uba da ɗa suka hau saman jerin fadar tare.

Ranar 16 ga Yuli, saura ƙasa da kilomita biyu a isa Nîmes, Girmay ya faɗi. Ya tashi da ƙujewa a gwiwa da hannu, ya ƙarasa a hankali, abokan ƙungiyarsa suna gefensa, yayin da abokin hamayyarsa Jasper Philipsen ya ci zangon ya rage tazara. Da dare malamin ya buɗe littafinsa. Zanguna biyar suka rage, babu ko ɗaya na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ko da lafiyarsa lau, mai gudun ƙarshe ya gama amfaninsa. Sauyi ɗaya ya rage masa, ya fitar da Girmay ya ɗauko Richard Carapaz na Ekwado.

Yaron ya ce: "Baba, yau da ya faɗi za ka sayar da shi?"

Ya ce: "Ba faɗuwarsa na duba ba, hanya na duba."

Kashegari Carapaz ya ci zango na 17, daga baya kuma ya tafi da rigar duwatsu. Lissafin malamin ya fito daidai, ya zo na ɗaya a fada, ɗansa da ya ƙi sauyi ya zo na huɗu. Ranar 21 ga Yuli, da Girmay ya hau dandamali a birnin Nis da rigarsa tsanwa, yaron ya yi ta tsalle a tsakar gida. Uban ya taya shi murna daga kan tabarma, da ɗan nauyin baki, kamar wanda ya halarci bikin ɗiyar da ya ƙi riƙo.

A duniyar keke, daga ranar 1 ga Agusta ne doka ta yarda a bayyana wa zai koma ina. A makarantu masu zaman kansu na Yamai ma kusan lokacin ne ake wannan ciniki, kafin komawa aji a Oktoba. Mai makarantar ya kira malamin ofis, ya shimfiɗa masa takardu. Iyaye da yawa ba su cika kuɗin bara ba, tsadar abinci ta taɓa kowa tun bayan rufe iyakoki na 2023, kuma wata makaranta a unguwar tana janye ɗalibai. Akwai wani malamin kimiyya da ya yi suna, wanda iyaye suke bi duk inda ya koma. Alhaji yana son ɗauko shi, amma farashinsa ya kai na mutum biyu. Sai an sauke wani. Ya miƙa masa jerin malamai, a gaban kowane suna an rubuta yawan ɗalibansa da suka ci jarrabawar BEPC.

A ƙasan jerin akwai sunan da babu komai a gabansa. Wani dattijo ne mai koyar da Faransanci a ajin farko na kolej, inda ba a yin jarrabawar ƙasa. Malamin ya dubi takardar da idon da ya saba duban littafinsa na wasa: ga farashi, ga abin da aka samu, ga gurbi. Bai yi minti biyu ba ya sa alama a gaban sunan dattijon. Alhaji ya ce ya je ya kwana da maganar, gobe a rubuta takarda.

Da dare ya tarar da ɗansa yana sake kallon faɗuwar Nîmes a waya. Yaron ya nuna masa mahayan da suka tsaya suka jira, suka rako jagoransu har layi, ya ce: "Baba, waɗannan nawa suka samu ran nan?" Malamin ya san amsar. Ba su samu abin kirki ba. A cikin mutum 8 na ƙungiya, ɗaya ko biyu ne ake sa ran su ci. Sauran aikinsu su shiga gaba su tare iska domin jagora ya ɓoye a bayansu ya adana ƙarfi, su koma wurin mota su ciko riga da gorunan ruwa su raba, su ba da ƙafar kekensu in ta jagora ta fashe. Faransawa suna kiransu masu ɗaukar ruwa, mutumin Yamai kuwa zai ce ƴan ga-ruwa. A cikin waɗanda suka riƙa buɗe wa Girmay hanya a wannan shekara har da Mike Teunissen na Holan, mutumin da ya taɓa cin zangon farko ya sa riga rawaya a 2019. Wasan intanet ba ya ganin wannan aiki. Inda ma ya tuna da su, ɗan ɓarɓashi yake jefa musu daga nasarar jagora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai wasa ba ya asarar komai in ya manta da ɗan ga-ruwa, domin wani ne yake biyansa, kuma ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba, gobe zai tare iska. Mai riƙe da ƙungiya ta gaskiya, in ya zuba dukiyarsa duka a kan gwani ya sallami masu tare masa iska, zai ga gwanin nan shi kaɗai a tsakiyar hanya. Malamin ya ga cewa takardar Alhaji da allon wasan hannu ɗaya ya rubuta su: dukansu suna ƙidaya wanda ya tsallake layi, ba su tambayi wa ya kawo shi ba.

Ya san abin da dattijon yake yi, kowa ma a makarantar ya sani, sai dai ba a taɓa rubutawa ba. Yara suna zuwa daga firamare, da yawansu Hausa ko Zabarmanci kaɗai suke ji sosai, wasu ba su iya haɗa baƙi su karanta jimla ba. Shi ne yake tsare su bayan an tashi, ya koma da su kan harufa, yana fassara musu da harshen gida har su kama. Shi ne yake hawa tsohon kekensa ya bi gidan yarinyar da ta yi kwana uku ba ta zo ba. Malamin lissafi ya fi kowa cin moriyarsa, domin yaron da bai fahimci tambaya ba, ba zai warware ta ba ko da ya haddace dukan ƙa'idoji.

Bai kwanta ba sai da ya fito da rajistocin shekaru huɗu. Ya bi sunayen waɗanda suka ci BEPC a bana ɗaya bayan ɗaya, ya koma baya zuwa shekarar da suka shigo, ya ware waɗanda aka rubuta a lokacin cewa ba su iya karatu ba. Ba kaɗan ba ne. Da safe ya kai wa Alhaji wannan jeri na biyu, ya ce: "Alhaji, jiya na yi kuskure. Waɗannan da ke gaban sunana da sunan sauran, rabinsu nasa ne."

Alhaji ɗan kasuwa ne, kuma bai yi ƙarya ba da ya ce rajista ba ta biyan albashi. Kuɗin da babu, babu su. Sun yi kwana uku suna ja. Abin da aka tsaya a kai bai gamsar da kowa ba: malamin kimiyya zai zo, amma na wasu sa'o'i a mako, a azuzuwan jarrabawa kaɗai, dattijon zai zauna, an rage masa aji ɗaya da abin da ke biye da shi na albashi, shi kuma malamin lissafi ya ɗauki ƙarin aji ba tare da ƙarin ko dala ba. Uwargidansa ta yi kwana biyu ba ta sake masa fuska ba, kuma tana da hujja, tunda lokacin da ya bayar shi ne wanda yake koyarwa a gidaje ya samo kuɗin cefane.

Dattijon bai san an taɓa sa alama a gaban sunansa ba. Abin da ya sani shi ne an rage masa aji, ya kuma yi zaton malamin lissafi ne ya kitsa hakan, har ya yi wata guda yana gaishe shi a tsaitsaye.

Malamin bai bar wasan ba. A damanar 2025 ya sake jan layuka a sabon littafi, ya sake sayar da wanda hanya ta ƙare wa, domin dokar wasan ke nan kuma ba a cutar da kowa. A jerin da yake kai wa Alhaji kowane Agusta ne ya ƙara layi ɗaya, inda ake rubuta yawan yaran da suka shigo ba su iya karatu ba, da yawan waɗanda suka iya kafin hutun damana, da sunan wanda ya zauna da su.