Gardamar Dabara Huɗu

Sanin kowa ne cewa in dai maganar gem ake yi, yaran Kano ƙwallon ƙafa suka sa a gaba. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har cikin lungunan Darmanawa, duk shagon da ka ji ihu ya tashi bayan la'asar, to wani ne ya zura wa abokinsa ƙwallo a allon talabijin. Amma akwai 'yan tsiraru cikin ɗalibanmu, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, waɗanda suka bi wata hanya daban. Su wasan Pokémon suke yi a wayoyin da yayyensu suka sayo a kasuwar Farm Centre, kuma mun lura gardamar da suke tafkawa a kan wasan ta ninka wasan kansa tsawo. Ita muke so mu kawo gaban 'yan'uwa marubuta, domin kuwa akwai abin da ya shafe mu a cikinta.

Ga wanda bai sani ba, wasan ya fito ne a ƙasar Japan a 1996, a wata 'yar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo mai suna Game Boy. Wanda ya ƙago shi, Satoshi Tajiri, yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari a bayan gari, kamar dai yadda muka yi farautar fara da gyare. Da halittu 151 aka fara, yau sun haura dubu. Kowace halitta da danginta, har dangi 18, kuma kowane dangi da wanda yake jin tsoro: ruwa ya kashe wuta, wuta ta cinye ciyawa, ciyawa ta shanye ruwa, lantarki kuwa ba ya yi wa ɗan ƙasa komai. A babbar gasa mutum zai zo da halittu shida, ya zaɓi huɗu, su shiga fage biyu-biyu. Kowane ɗan wasa a ɓoye yake zaɓar abin da zai yi, sannan a buɗe a lokaci guda.

To, dokar da ta haifi gardamar ita ce wannan. Halitta guda tana iya koyon dabarun faɗa masu yawa, wata ma fiye da hamsin, amma huɗu kacal aka yarda ta riƙe. In tana son ta biyar, sai ta manta da ɗaya. Saboda haka duk dabarar da ka ɗauka, wata ka jefar.

Alal misali, halittun lantarki suna da bugu iri biyu, bari mu kira su Walƙiya da Aradu. Ƙarfin Walƙiya 90 ne, kuma in ba wani dalili ba, ba ta kuskure. Ƙarfin Aradu 110, amma sau 70 cikin 100 take samun abokin gaba. Wani yaro, wanda a darasin lissafi sai an yi da gaske yake ɗaga kai, shi ne ya zana a bayan littafinsa cewa in aka yi la'akari da kuskuren, ƙarfin Aradu bai wuce 77 ba, don haka Walƙiya ta fi. Abokinsa ya ce a'a. Ya ce a ɗauka jinin abokin gaba sai bugu mai ƙarfin 100 zai ƙarar da shi. Walƙiya ko sau nawa ta same shi ba za ta kayar da shi a bugu ɗaya ba, zai tashi ya rama, Aradu kuwa sau bakwai cikin goma an gama magana. Na uku ya tsoma baki, ya ce ai in akwai mai kiran ruwan sama a rundunarka, Aradu ba ta kuskure ko kaɗan. Mu dai a ganinmu mai Walƙiya ya fi gaskiya a yawancin lokuta, don wanda ya dogara da sa'a a turmi na ƙarshe yakan kwana da takaici. Sai dai ka duba, ya mai karatu, babu wanda ya ce “haka nake ji a raina”. Kowa da hujja ya zo, kuma kowa ya faɗi abin da zaɓinsa zai jawo masa.

Inda suka fi daɗewa shi ne gurbi na huɗu. Akwai wata dabara da ba ta bugun kowa, kare kai kawai take yi na zagaye ɗaya, in kuma ka maimaita ta a jere tana iya ƙin ci. Sabon shiga gani yake ɓarnar gurbi ce. Amma wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya san hannu ɗaya ake naɗe wa zare, ɗayan a buɗe yake don tarewa da auna tazara, kuma ba a taɓa jin ɗan damben da ya ce hannun nan nasa asara ne ba.

Hujjar da masu wannan ra'ayi suke ji da ita ta faru a 2014, a gasar duniya da aka yi a birnin Washington na Amurka. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya shigo da wata 'yar halitta mai suna Pachirisu, mai kama da kurege, wadda manyan 'yan wasa ba sa ko kallo saboda rashin ƙarfinta. Dabarunta huɗu babu ta kisa ko ɗaya. Ta farko tana janyo bugun abokan gaba ya dawo kanta. Ta biyu tana raba jinin abokin gaba gida biyu, komai girmansa. Ta uku ɗan shafa ne mai sandarar da jiki ya rage sauri. Ta huɗu ita ce kare kan nan da muka ambata. A gefenta kuwa ya tsayar da Gyarados, wani ƙaton macijin ruwa wanda lantarki ne ajalinsa. Duk sanda aka auno shi da lantarki sai kuregen ya janye bugun, shi kuma lantarki ƙara masa jini yake yi. Da haka ya doke Jeudy Azzarelli na Amurka a wasan ƙarshe ya ɗauki kambun. In da za a ware dabarun nan huɗu a auna su ɗaya-ɗaya, babu mai sayensu ko sisi. Da maƙwabcinsu aka auna su.

Ba muna cewa wasan ba shi da illa ba ne. Mun ga masu gyangyaɗi a darasin farko, mun kuma san kuɗin data ba daga sama yake faɗowa ba. Wannan magana ce ta wata rana.

Abin da ya dame mu shi ne rubuce-rubucen da matasa suke kawo mana mu duba. Buɗe goma, tara za ka tarar jarumin kyakkyawa ne, ɗan attajiri, ya yi digiri a Ingila, mahaddaci, ga iya faɗa, ga haƙuri, ga barkwanci. Jarumar ma haka, har da dogon hanci. Marubucin ya ba shi dabara hamsin bai karɓe ko ɗaya ba. To wane ne zai kayar da wannan? Tun shafi na biyar mai karatu ya san ƙarshe, kuma tunda jarumin ba ya bukatar kowa, abokansa sun zama 'yan rakiya, ba su da aikin yi sai yaba shi. Alhali Alhaji Imam na *Ruwan Bagaja* ba da ƙarfin damtse ya yi yawon duniya ba. Baki gare shi, da wayo, da naci. Ya sha wuya iri-iri, Malam Zurƙe ya yi masa ya rama, ya rama an sake yi masa, kuma wannan ne ya sa tun 1934 ake bin sa har yau. Gizo ma da yana da ƙarfin zaki, da tatsuniya ta mutu tun a bakin kakanninmu.

A zangon da ya wuce mun gwada abin a ajin Hausa na babbar sakandare. Muka ce kowa ya ƙirƙiro jarumi, ya ba shi baiwa huɗu kawai, ya kuma rubuta a ƙasa abin da ya hana shi da wanda zai toshe masa wannan kafa. Yawancin samarin kuɗi suka fara rubutawa, sannan suka tsaya cizon biro a kan sauran ukun. Wata yarinya daga Tarauni ta ba jarumarta iya lissafin ciniki, da riƙe sirri, da saurin gane maƙaryaci, da rashin tsoron kishiyar uwarta. Ta hana ta kyau, ta hana ta iya magana a gaban mutane, ta ba ta ƙane mai surutu wanda shi yake faɗar abin da ta kasa faɗa, wani lokaci har da wanda ba ta so a faɗa. 'Yan ajin suka yi ca a kanta, wai babu mai sayen littafin da jarumarsa ba kyakkyawa ba ce. Ta ce to su zaɓi wadda za ta cire cikin huɗun ta sa kyau a gurbinta. Aka kaɗa ƙararrawar tashi suna kan jayayya tsakanin riƙe sirri da lissafin ciniki.