Majami'ar dutse da ta zama ganuwa

Matafiyin da ya bar garin Staunton na jihar Birjiniya a Amurka, ya nufi arewa a kan hanya mai lamba 11, bayan kimanin kilomita 13 zai iske ƙauyen Fort Defiance. Nan ne, bisa wani tudu cikin inuwar manyan itatuwa, majami'ar Augusta Stone take tsaye. An gama gininta a 1749, kuma a duk faɗin jihar babu majami'ar ɗariƙar Firesbiteriya da ta kai ta daɗewa ana ibada a ciki ba yankewa.

Maginanta manoma ne, jikokin mutanen Sikotilan da suka zauna arewacin Ailan kafin su ƙetare teku. Ɗariƙarsu ba ta da bishop. Dattawan da jama'a suka zaɓa ke riƙe da al'amura, daga nan ma sunan ya samo asali. Ginin ya ɗauko halinsu: katanga mai kauri ta dutsen farar ƙasa, ba gunki, ba zane, don a ganinsu ado na raba hankalin mai sauraro da wa'azi. Tsofaffin wurin na cewa mata ne suka yi jigilar rairayin gini daga kogi bisa dawaki. Shirayi mai ginshiƙai da fikafikan da ake gani yau ƙari ne na 1921 zuwa 1922, kuma a ganina sun rage wa ginin kwarjini.

A 1755 sojojin Faransa da ƙawayensu ƴan asalin ƙasar suka ragargaza rundunar Janar Braddock ta Ingila. Tsoro ya cika kwarin Shenandoah, iyalai suka fara ɗaure kaya. Limaminsu na farko, John Craig, wanda ya zo a 1740, ya ƙi yarda a gudu. Ya sa aka kewaye majami'ar da shinge, ta koma mafaka, maza na zuwa ibada da bindiga a kafaɗa. Sai dai, jama'a masu karatu, waɗanda ake wa shingen sun riga manoman nan sanin kwarin, can suke farauta tun kaka da kakanni, kuma su ne suka rasa shi.

Craig ya rasu a 1774. Kabarinsa na nan a tsohuwar maƙabartar majami'ar.