Monreyal: kwana huɗu ƙarƙashin dusar ƙanƙara

Mai karatu, da ina ɗauka hunturun Damagaram shi ne iyakar sanyi, sai da aiki ya kai ni Monreyal, birni mafi girma a lardin Kebek na ƙasar Kanada, cikin watan Fabrairu na shekarar 2025.

Tun kwana biyu kafin guguwar, gidajen rediyo suka shiga gargaɗi. Mai masaukina, wani dattijo da ya yi ritaya, bai ko razana ba. Ya sayo burodi da madara, da buhun gishirin da ake watsawa a bakin ƙofa domin ƙanƙara ta narke, sannan ya fiddo tocila da kyandir. Na tambaye shi amfanin kyandir a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Sai ya tuna mini watan Janairu na 1998, lokacin da ruwan sama mai daskarewa ya karya turakun lantarki, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu da sanyi, waɗansu har makonni. Motarsa kuwa tuni ta samu tayoyin hunturu, domin dokar lardin ta wajabta su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Tsakanin 13 da 16 ga wata, guguwa biyu suka zubar da dusa fiye da santimita 70. Da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da kafaɗa.

A nan ne na gane cewa hatsarin ya fi yawa bayan guguwa ta wuce. Dusar da ake gani fara fat kamar auduga, idan ta jiƙa nauyinta ya fi kama da na laka. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, ɗaga shebur yana ƙara wa zuciya aiki, shi ya sa likitocin ƙasar ke jan kunnen maza masu shekaru duk hunturu. Dattijon yana fama da ciwon zuciya, uwargidansa kuma ta hana shi taɓa shebur. Saboda haka ni baƙo na ɗauka, shi kuma ya tsaya bisa matakala yana ba da umurni: "Ɗana, tura ta, kada ka ɗaga. Lanƙwasa gwiwa, ka ɗebi kaɗan kaɗan." Ban ji ba, ina taƙamar ƙuruciya. Kafin rabin awa na jiƙe da gumi cikin riguna uku, numfashina yana sama sama. Ina gamawa ke nan motar share titi ta wuce, ta mayar mini da tudu guda a bakin hanyar da na buɗe. Dattijon ya yi dariya har da hawaye.

Sauran aikin na hukumar birni ne, wadda ke da tituna da hanyoyin ƙafa kusan kilomita 10,000. Ana kafa alluna masu launin lemu da ke hana ajiye mota, jiniya ta zagaya unguwa, wanda ya yi kunnen ƙashi a janye motarsa a kuma ci shi tara. Daga nan sai na'urar hura dusa, wadda wani ɗan lardin mai suna Arthur Sicard ya ƙera a 1925, ta bi layi tana cika manyan motoci ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da zan taso, aikin bai iso layinmu ba. A ka na ɗauki akwatina har bakin babban titi.