Albashin wanda ya dawo gida bai ajiye aiki ba

Tun kaka da kakanni mutanen Safo sun san ci-rani. Da zarar an kawar da gero da wake, samari sukan kama hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, wasu har Abijan, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Lissafin wancan zamani ba shi da wuya: ranar da mutum ya yi aiki a biya shi, ranar da ya taho gida an rabu ke nan. Yanzu kuwa an sami wani sabon matafiyi, mai takardar izinin aiki da kwantaragi, wanda kan dawo garinsu wata biyu ko uku ba tare da ya ajiye aikin ba. Salula tana hannunsa, maigidansa na can yana aiko masa da saƙo: ya sayi wake da dabbobi a kasuwannin Maraɗi, ya nemo ma'aikata, ya daidaita lissafi. Da dokar wace ƙasa za a biya wannan aiki, kuma da wane kuɗi? Ba a cika yin wannan tambaya ba sai rigima ta tashi.

Takardar izinin aiki ƙarfinta yana tsayawa ne inda iyakar ƙasar da ta bayar da ita ta tsaya. Ko a Amurka, inda aka fi tsaurara ƙa'idar, bizar ƙwararru ta H-1B tana tilasta wa kamfani biyan albashin da aka ƙayyade wa wurin aikin a cikin ƙasar. Idan ma'aikacin ya koma garinsu yana aiki daga can, wannan sharaɗi ba ya binsa, ko kwanakin ma ba a lissafa su cikin shekara 6 da bizar take ba shi. A Saudiyya, wadda ƴan Nijar da dama suke aiki a cikinta, dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin kamfani hutun kwana 21 da albashinsa a kowace shekara, kwana 30 idan ya cika shekara 5 a wuri ɗaya. Abin da ya haura wannan, sai yadda suka shirya da maigida.

A nan gida kuwa, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 tana aiki a duk faɗin ƙasa, kuma albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Sai dai mai duba harkokin ƙwadago da ke Maraɗi ba shi da hannun da zai miƙa ya kamo maigidan da ke zaune a Jidda ko Kano. Ɗan Safo yakan tsinci kansa ke nan tsakanin dokar da ta sake shi da wadda ba ta iya ƙwato masa haƙƙinsa.

Batun kuɗin da za a biya da shi ya fi ciwo. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, kowace yuro ɗaya sefa 655.957. Naira kuwa, bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ta faɗo daga kusan 460 a dalar Amurka zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙanƙantar albashi da Najeriya ta tsayar a watan Yuli na 2024, wato naira 70,000, bai kai jika 30 ba a canjin ƙarshen wannan shekara. Wanda yake karɓar naira a Katsina yana kashe ta a Katsina, da sauƙi. Wanda yake karɓarta yana zaune a Safo, yana sayen taki da magani da sefa, shi ne yake ganin guminsa yana narkewa a teburin ɗan canji. Ficewar Nijar daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu, 2025, ta ƙara jefa shakku a kan yarjejeniyoyin da masu ƙetare iyaka suke dogara da su tun 1979.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin ma'aikaci ya taho gida, ya kamata a rubuta abubuwa huɗu a gaban shaidu: kwanakin da suke hutu da waɗanda suke aiki, yawan albashin, kuɗin da za a biya da shi da wanda zai ɗauki asarar canji, sai ranar komawa, domin kada takardarsa ta mutu yana gona. Da yawa suna jin nauyin neman haka, suna ganin kamar rashin yarda ne ga wanda ya riƙe su. Alhali kuwa rubutun yana kare zumuncin ne, domin yawancin saɓani daga mantuwa yake farawa.

A nan malaman makaranta suke da rawar takawa. A ƙauyukan Madarumfa su ake kai wa takarda su karanta, su ne kuma suka iya fassara Faransanci ko Larabci zuwa Hausar da uba da ɗa za su gane. Ƙungiyoyin al'adu ma suna iya ware zama guda a lokacin kaka, kafin samari su watse, a karanta kwantaragi a fili, a bi shi sharaɗi bayan sharaɗi, kowa ya ji da kunnensa.