Watan da Muka Yi Muna Cinikin Ohtani

Dogon hutun 2023 bai kai mu gida ba. Kuɗin jirgi daga Kaliforniya ba abin wasa ba ne, don haka mu huɗu da muka zo karatu daga nesa muka tsaya a makaranta. Da rana mu yi aikin jera littattafai a laburare, da yamma mu taru a falon gidan kwanan ɗalibai. Talabijin ɗin falon ba a hannunmu yake ba. Wasu abokanmu biyu 'yan gari ne ke iko da shi, kuma kullum abu ɗaya suke kallo: wasan besbol na ƙungiyar Los Angeles Angels, wadda filinta ke garin Anaheim, ba nisa da mu. Tun muna tsaki har muka fara tambaya, kafin wata guda mun sayi jajayen huluna.

Ƙannenmu, mun san yawancinku ba ku taɓa kallon wasan nan ba, mu ma haka muka je. Mutum ɗaya ne ke jefa wata ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, da gudun da kan kai kilomita 160 a awa. Wani kuma ya tsaya da kulki yana ƙoƙarin maka ta. In ya same ta sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, wannan maki ɗaya ke nan. In kuwa ya buga ta ta tsallake katangar fili, to shi da duk abokansa da ke tsaye a kan tashoshi sun ci maki. Zagaye tara ake yi. Jifa sana'a ce daban, bugu ma daban, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ba ya taɓa ɗayar.

Sai mutum ɗaya, Shohei Ohtani, ɗan ƙasar Japan da ya zo Angels a 2018. Yana cikin gwanayen jifa, yana kuma cikin gwanayen bugu. Ku ƙaddara mai tsaron raga ne, kuma shi ne ke kan gaba wajen zura ƙwallo a gasar. Rabon da a ga irin haka a babbar gasar tun zamanin Babe Ruth, fiye da shekara ɗari.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kakar 2023, daga nan ya zama mai 'yancin zuwa inda ya ga dama. Angels kuwa rabonta da shiga wasannin kawar da juna na watan Oktoba tun 2014. Ɗayan tauraronta, Mike Trout, ya karye a ƙashin hannu a farkon Yuli. Kuma ranar 1 ga Agusta za a rufe kasuwar musayar 'yan wasa.

A besbol ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba kamar yadda kuka saba gani a ƙwallon ƙafa. Ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: ka ba da mutum, a ba ka mutane. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162, 12 kawai ke wucewa zuwa Oktoba, kuma ba a korar kowa zuwa ƙaramar gasa. Shi ya sa duk ƙarshen Yuli ƙungiyoyi kan rabu biyu. Wadda ta ga tana da rabo a bana sai ta ba da yaranta masu tasowa ta karɓo gogaggu. Wadda ta fid da rai sai ta ba da gogaggunta ta tara yara don gaba. Ɗan wasan da kansa galibi ba a neman shawararsa, waya kawai za a yi masa ya haɗa kayansa. Angels a lokacin tana tsakiya, ba ta shiga ba, ba ta kuma fita ba.

Abokan namu biyu suka ja daga. Na farko ɗalibin ilimin ƙididdiga ne, muna ce masa Mai Lissafi. Shi a wurinsa maganar a fili take: Ohtani tafiya zai yi ko an so ko an ƙi, to me ya sa za a bari ya tafi a banza? Kullum sai ya kawo mana misalin Washington Nationals. A 2022 Juan Soto ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15, ba su tsaya jayayya ba suka miƙa shi ga San Diego Padres, suka karɓo matasa irin su CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood. "Haka masu hankali ke yi," in ji shi.

Na biyun muna ce masa Ɗan Gado, don a gidansu ya tashi ya tarar ana son Angels. Shi kuma ya ce misalin bai yi daidai ba, Soto yana da sauran fiye da shekara biyu a kwantiraginsa, Ohtani kuwa wata biyu ya rage, ba mai ba ka dukiyarsa duka don hayar wata biyu. Ban da haka, yaran da ake ta kururutawa ɗin nan, nawa ne cikinsu ke zama wani abu? Cinikin biri a sama ne. Da muka fassara masa karin maganarmu cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sai da ya sa muka maimaita masa ita da Hausa har ya haddace.

Gaskiya mu huɗun nan da farko bayan Mai Lissafi muka bi. Mun taso muna kallon kasuwar 'yan ƙwallon Turai, mun san haushin a ce gwani ya tafi kyauta. A daidai wannan lokacin ma Tottenham na cikin irin wannan tsaka mai wuya a kan Harry Kane, wanda ya rage masa shekara ɗaya, kuma a watan Agusta ta sayar wa Bayern Munich shi. Muka zama 'yan kamasho. Muna cin abinci muna rubuta ciniki a bayan takardar goge hannu: mu ba Baltimore Orioles Ohtani, su ba mu Jackson Holliday, yaron da ake ganin ya fi kowa a masu tasowa a lokacin, su ƙara mana mutum uku. Wani ya ce huɗu. Abin dariya, duk cinikin da muka tsara mu ne da riba, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko mutanen Baltimore ɗin barci suke yi. Sharaɗi ɗaya ne kowa ya yarda da shi har Mai Lissafi: ko me za su bayar, ban da Dodgers, maƙwabtan da magoya bayansu suka raina mu.

Wani dare gardamar ta yi zafi fiye da kullum. Mai Lissafi ya buɗe kwamfuta yana nuna mana yadda ƙungiyar za ta kasance in an tara yara aka yi haƙuri. Ya ce zuwa 2027 ba mai iya tare mu. Ɗan Gado ya yi shiru, sannan ya ce a hankali:

"Kai kana maganar 2027. Ko likita bai yi wa babana maganar 2027 ba."

A ranar muka san cewa mahaifinsa na zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Tsohon makanike ne, ya ga lokacin da Angels ta ci kofin gasar sau ɗaya tilo a tarihinta, a 2002, da ta doke San Francisco Giants. Yanzu da 'yar rediyonsa yake zuwa asibiti, in an jona masa na'ura sai ya saurari sharhin wasan jiya. Burinsa ya ga Ohtani ya yi jifa a watan Oktoba sanye da jar riga. Mai Lissafi ya rufe kwamfutarsa. Bai janye ra'ayinsa ba, ya dai daina kiran shekaru. Mu kuwa muka rasa inda za mu sa kanmu, don lissafin bai canza ba ko da ɗigo, amma bakinmu ya yi nauyin sake cewa "a sayar".

Ba a jira shawararmu ba. Ranar 26 ga Yuli labari ya fito cewa ba za a ba da Ohtani ba. A daren ma ƙungiyar ta shiga sahun masu saye: ta ba Chicago White Sox biyu daga cikin yaranta mafiya daraja, Edgar Quero da Ky Bush, ta karɓo masu jifa biyu, Lucas Giolito da Reynaldo López. Kashegari aka buga wasa biyu a rana ɗaya a Detroit. A na farko Ohtani ya yi jifa tun daga zagayen farko har na tara shi kaɗai, bugu ɗaya tak aka samu a kansa, ba a ci maki ko ɗaya ba. A na biyu ya ɗauki kulki ya tsallakar da ƙwallo katanga har sau biyu. Muna tsakanin kantocin littattafai muna leƙen waya, muna ihu ba sauti. Da yamma Ɗan Gado ya shigo falo ya tsaya a kan Mai Lissafi ya ce, "Wannan za ka ba da don yaran da ko gemu ba su fara ba?" Mai Lissafi ya ɗaga hannu biyu sama.

Muka haɗa kuɗi muka sayi tikitin wasan Alhamis 3 ga Agusta da Seattle Mariners, can saman bene inda ya fi araha, mu shida da Baba. Hawa matakalar ya ba shi wuya, sau biyu muna tsayawa ya huta. Ohtani ya yi jifa zagaye huɗu ba a ci shi ba, sai hannunsa ya ɗaure ya bar jifan, amma ya ci gaba da bugu. A zagaye na takwas ya maka wata ƙwallo da ta tsallake katanga, ta 40 a kakar, muka koma 3 da 1. Baba ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa kowa ba. Ya kama wuyan rigar Mai Lissafi yana girgiza shi yana dariya, yana cewa, "Yaro, rubuta wannan a kwamfutarka!"

A zagaye na tara Seattle ta cika tashoshi uku da mutane. Wani sabon yaro, Cade Marlowe, wanda bai fi mako biyu da shigowa babbar gasar ba, ya buga ƙwallo ta fice. Maki huɗu a bugu ɗaya. Aka tashi 5 da 3. A mota ba wanda ya yi magana har muka sauke Baba a ƙofar gida.

Daga nan komai ya zube. Wasa bakwai a jere aka ci mu daga ranar da kasuwa ta rufe. Ranar 23 ga Agusta jijiyar gwiwar hannun Ohtani ta dama ta yage, jifa ya ƙare a shekarar. Kafin watan ya fita ƙungiyar ta saki Giolito da López don rage albashi, Cleveland ta kwashe su ba tare da ta ba da ko mutum ɗaya ba. Aka gama kaka da nasara 73, rashin nasara 89. An zaɓi Ohtani gwarzon ɓangaren gasarsu ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba, sannan a watan Disamba ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10. Da wa? Da Dodgers, kimanin kilomita 50 daga filinmu. Abin da Angels ta samu a madadinsa shi ne ƙarin damar ɗaukar matashi ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024. Ba tsuntsu ba tarko.

Mun zaci Mai Lissafi zai cika mana kunne da "ai na faɗa". Sau ɗaya ya faɗa, shi ma ƙasa-ƙasa. Mu huɗu har yau ba mu daidaita ba. In muka dubi teburin gasar sai mu ce shi ke da gaskiya, kuma yana da ita. In muka tuna Baba tsaye a saman benen nan sai mu kasa cewa da mun gwammace a ce daren nan Ohtani yana Baltimore. Akwai kuma abin da sai daga baya ya dame mu: wata guda cur muna sa wa mutum farashi a bayan takarda, ba mu taɓa tambayar kanmu me shi yake so ba. Da aka ba shi zaɓi ya nuna mana.

A ƙarshen Oktoban 2024 muka je gidan Baba kallon wasan ƙarshe, Dodgers da New York Yankees. Ya rame, amma yana nan da bakinsa. Ya sa tsohuwar jar rigarsa mai lamba 17, lambar da Ohtani ke sawa har a sabon gidansa. Da Dodgers ta ɗauki kofi aka nuno Ohtani cikin shuɗiyar hula yana rungumar abokan wasansa, mun zuba wa Baba ido mu ga ko zai kashe talabijin. Bai kashe ba. Ya kalla har aka gama, ya ce yaron ya cancanta, ya sa aka ƙaro mana shayi.

Can sai ya juya wajen Mai Lissafi.

"Yaro, kwamfutar nan taka tana kusa? Trout ɗin nan, in ya yarda a ba da shi, me kake ganin za su ba mu?"

Ɗan Gado ya ce, "Haba Baba!"

Mai Lissafi ya riga ya zuge jakarsa.